Yadda Ake Shiga Harkar Waƙa Bayan Shekaru Sun Ja

Bill Withers, mawaƙin Amurka, yana da shekara 32 lokacin da faifansa na farko ya fito a 1971. Hoton da ke bangon faifan a wurin aikinsa aka ɗauka, wata masana'anta a Burbank ta jihar Kalifoniya inda yake cikin masu haɗa bandakin jiragen sama, ga shi tsaye riƙe da akwatin abincin ranarsa. An haife shi a 1938 a Slab Fork, ƙauyen masu haƙar kwal a Virginia ta Yamma. Ya tashi da in'ina, ya yi shekara tara a sojan ruwan Amurka. Da ya koma Los Angeles a 1967, daga albashinsa ya riƙa biyan kuɗin ɗaukar waƙoƙin gwaji. Ko da kamfanin Sussex ya ɗauke shi bai yarda ya ajiye aikin masana'antar ba, domin bai amince da kasuwar waƙa ba. A 1972 ya karɓi lambar Grammy.

Akwai ma waɗanda suka fi shi daɗewa. Cesária Évora ta tsibiran Cape Verde ta kai shekara 47 kafin faifan da aka ɗauka mata a Faransa a 1988 ya fitar da ita duniya. Charles Bradley kuwa sai da ya kai 62 faifansa na farko ya fito, a 2011.

Wannan bayani naka ne, malamin makaranta, tela, direba, ko ke ma'aikaciyar jinya, da kuka haura arba'in kuna ɓoye littafi cike da baitoci a ƙasan akwati. Gemu ba ya hana ilimi, haka ba ya hana waƙa. Sai dai hanyar da za ka bi dabam take da ta ɗan shekara ashirin. Shi lokaci gare shi, kai kuwa iyali gare ka, da mutunci, da kuma abin faɗa.

Mataki na ɗaya: riƙe aikinka, ka yanka wa waƙa kuɗinta

Kada ka saki reshe ka kama ganye. Albashinka ko shagonka shi ne ubangidanka na farko a wannan harka, kuma shi ne zai ba ka ikon cewa a'a ranar da aka kawo maka aikin da bai dace da kai ba. Ka zauna ka ware adadin kuɗin da idan sun tafi ba su dawo ba, tukunyar gidanka ba za ta ji ba. Kwasar adashe guda ta isa mafari. Kuɗin makarantar yara, jarin shago, kuɗin sallama na ritaya, fili ko gona, waɗannan ba sa shiga lissafi ko da wasa.

Kafin kowa ya ji a waje, mutanen gida su ji daga bakinka. Mun san yadda ake kallon abin a wurinmu: da an ce wane ya fara waƙa, sai a ce ya koma roƙo. Ka zaunar da maiɗakinka, ke kuma maigidanki, da manyan 'ya'ya, ka rera musu abin da ka rubuta, ka faɗa musu irin wuraren da za ka je da waɗanda ba za ka taka ba. Iyakar da ka shata a gabansu ita za ta tsare ka nan gaba.

Mataki na biyu: tara waƙoƙi

A nan aikin yake, kuma a nan zan daɗe.

Ka tsayar da lokaci guda kullum, ko da minti talatin ne, bayan asuba ko bayan isha'i. Wayarka ta zama abokiyar tafiya: duk sa'ad da wani kari ya faɗo maka, kana kan babur ne ko kana bakin keken ɗinki, tsaya ka ɗauke shi a murya nan take. Karin da ba a ɗauka ba da wuya ya kai yamma. Burinka a wata shida na farko shi ne ka gama waƙa ashirin, daga farko har ƙarshe, masu kyau da marasa kyau. A cikinsu za ka tsinci uku da suka cancanci a kashe musu kuɗi. Wanda ya tafi situdiyo da waƙarsa ta farko tilo, yawanci kuɗin koyo ya je ya biya.

Wane jigo za ka ɗauka? Abin da ya same ka. Ka binne mahaifi, ka aurar da 'ya, ka ga jari ya karye a hannunka, ka yi jiran fansho, ka zauna da mutum shekara ashirin ka san yadda soyayya take bayan an daina rubuta wasiƙa. Matasan da ke cike da situdiyo ba su da wannan, kuma ba a sayensa. Ɗaya daga cikin waƙoƙin Withers da aka fi ƙauna a kan hannuwan kakarsa kawai ya yi ta. Idan ka ce za ka yi gasa da yara a irin waƙarsu ta gayu, da kalmominsu da rawarsu, za su fi ka, kuma sa'o'inka da ya kamata su zama masu sauraronka za su kau da kai.

Tarkon manya kuma shi ne wa'azi. Da zarar mutum ya manyanta, kowane baiti sai ya fito da “ya kamata” da “ku daina”. Nasiha tana da wurinta a waƙar Hausa tun fil azal, amma kunne ya fi riƙe abin da aka nuna masa. Maimakon ka ce talauci ba daɗi, kawo takalmin makarantar yaro da aka kai wa mai gyara sau uku. Mai sauraro zai ƙarasa sauran da kansa.

Ta fuskar gini, fara da amshi. Shi ne abin da mutum zai tafi da shi gida, don haka ya zama gajere, mai sauƙin kamawa, wanda yaro zai iya maimaitawa daga ji biyu. Sannan ka zaɓi tsarin baitinka, ƙwar biyu ne, ƙwar huɗu ko ƙwar biyar, ka tsaya a kai. Ka tsayar da amsa-amon da kowane baiti zai sauka a kansa. Ka lura da nauyin gaɓoɓi: akwai gaɓa mai nauyi, akwai marar nauyi, kuma ɗangon da ya fi 'yan'uwansa da gaɓa ɗaya tak zai sa ka tuntuɓe a gaban makirufo. Hanya mafi sauƙi ita ce ka rera kana buga cinya da tafin hannu. Inda ka ji kana haɗiye kalma don ka cim ma bugun, nan ne gyara yake.

Akwai wani abu da mawaƙin Turanci bai damu da shi ba, amma kai dole ka kula: Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali. Wuyan da ake rataya wa sarƙa da wuyar da ake sha, hawa da saukar murya ne suka raba su. Garin da ake zama da garin da ake tuwo, jan wasali ne. Idan karin waƙarka ya ɗaga inda kalma ke sauka, ko ya ja inda take gajeruwa, sai mai sauraro ya ji wata magana dabam, ko ya ji abin ya yi masa baƙo bai san dalili ba. Ka fara faɗar ɗangon da bakin magana, sau uku, ka saurari inda muryarka ke hawa da kanta, sannan ka ɗora kari a kan wannan.

Sai yanka. Wanda ya saba da rubutacciyar waƙa yakan zubo baiti arba'in. Waƙar da za a saurara a waya ko a rediyo minti uku zuwa biyar ce, wato amshi da baiti uku ko huɗu. Zubar da baitin da kake so yana da ciwo, amma ajiye shi za ka yi, wata waƙar za ta neme shi.

Mataki na uku: murya

Murya tsoka ce, tana tsufa, tana kuma karɓar horo. Da shekaru, ta maza takan ɗan sirance, ta mata takan ɗan yi ƙasa, numfashi kuma yakan rage tsawo. Wannan ba ya hana komai in ka san inda muryarka ta yau take zaune. Kada ka nemi wadda kake da ita kana saurayi.

Kullum kafin ka rera, ba ta minti goma: yi guna baki a rufe, daga ƙasa zuwa sama a hankali, kaɗa leɓɓa da iska kamar yadda yara ke kwaikwayon babur, ja numfashi har cikinka ya taso, ba kafaɗu ba, ka sake shi sannu a kan wasali ɗaya. Sha ruwa sosai a tsawon yini. Lokacin hunturu ka rufe hanci da baki daga ƙura. Taba da shisha abokan gaba ne. Idan kana fama da ƙwannafi, rage yaji da cin abinci dab da kwanciya, domin ruwan cikin da ke tasowa yana ƙona maƙogwaro. Yawan gyaran murya da yin raɗa duk suna gajiyar da ita. Dishewar da ta wuce mako uku ba ta warke ba, a kai ta wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro, kada a tsaya ga zuma da citta kawai.

Ka koyi abin kiɗa ɗaya, ko yaya. Gurmi, garaya, molo, jita ko fiyano, wanda ya fi kusa da hannunka. Ba gwaninta ake nema ba, abin da zai riƙe maka kari ne ya sa ka iya tsayawa kai kaɗai. Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya riƙe manyan taruka. Wanda ke Yamai yana da cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya. A sauran wurare, nemi mai kiɗan da ke unguwarku ka biya shi ya koya maka, ko da ɗan cikinka ne.

Mataki na huɗu gajere ne: rera waƙoƙin a gaban mutanen da ba sa jin nauyinka. Walimar abokai, taron ƙungiyar marubuta irin reshen ANA na jiharku, bikin yaye ɗalibai. Kada ka tambaye su ko ta yi daɗi, kowa zai ce ta yi. Bari kwana biyu su wuce, ka tambayi wane amshi suka tuna. Wanda ya zauna musu, ita ce waƙar da za ka fara bugawa.

Mataki na biyar: situdiyo

A Kano, titin gidan Zoo ya daɗe yana matattarar situdiyo, akwai su kuma a Kaduna, Jos da kusan kowane babban gari. Zaga uku aƙalla. A kowanne ka ce a kunna maka ayyukan da mai kiɗan ya yi, ka saurara ko ana jin kalmomin mawaƙi tas, ko kiɗa ya danne su. Kai kalmominka ne jarinka. Ka kuma lura da yadda ya saurare ka: wanda tun ba ka kai ƙarshen amshi ba ya fara danna kiɗan da yake yi wa kowa, gaishe shi ka wuce.

Mai yiwuwa mai kiɗan sa'an ɗanka ne, zai ce maka Baba ko Kawu, ke kuma Mama ko Anti. Girmama sana'arsa, ya san na'ura fiye da kai. Amma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kai ka san inda take nufa. In ya ce a ƙara mata sauri don ta shiga gidan biki alhali waƙar ta'aziyya ce, ka ce a'a cikin ladabi.

Tun kafin a kunna kwamfuta ku yi ciniki a fili. Kuɗin da ya faɗa ya haɗa da me? Kiɗa, ɗora murya, 'yan amshi, miksin da mastarin (wato daidaita sautuka da gyaran ƙarshe), da kuma sau nawa za a yi gyara idan ka ji abin da bai yi maka ba. Ba da rabi kafin alƙalami, rabi ranar karɓar aiki, ka karɓi rasit mai ɗauke da sunanka da sunan waƙar. Ku kuma yi magana cewa ba za a tura wa kowa ita ba sai ka sake ta da kanka.

Je da waƙar a haddace, da ɗaukar da ka yi a waya. Abu na farko da za a tsayar shi ne matsayin murya, abin da masu fiyano ke kira ki. Rera wurin da ya fi tsawo a waƙar da wurin da ya fi ƙasa. In kana miƙa wuya kafin ka kai, a sauko da shi, ba abin kunya ba ne. Kada ka ɗora murya a gajiye bayan aikin yini, zaɓi ranar hutu. Game da Auto-Tune, manhajar da ke gyara karin murya, ra'ayina shi ne a taɓa kaɗan don daidaita inda aka zame. Idan aka cika shi, zai shafe wannan kaushi na muryar babba wanda shi ne ya bambanta ka, ka fito kamar kowa.

Kafin ka ce aiki ya yi, saurare shi a ƙaramar waya, a mota, da a rediyon gida, domin a nan mutane za su ji shi, ba a manyan lasifikokin situdiyo ba. Ranar karɓa, kada ka tafi da MP3 kaɗai. Ka karɓi waƙar a tsarin WAV, wanda ba a matse sautinsa ba, da kiɗan zalla ba murya, da muryar zalla, da kowane layin kiɗa a ware. Ajiye su wuri biyu, a filasha da kuma a intanet kamar Google Drive. Kwamfutar situdiyo tana lalacewa, situdiyo ma yana tashi.

Mataki na shida: takarda

Manya sun fi yara faɗawa wannan rami, saboda muna jin kunyar cewa a rubuta. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, waƙarka ta zama taka daga lokacin da ka rubuta ta ko ka ɗauke ta, kuma haƙƙin kalmomi da kari yana nan har shekara 70 bayan rasuwarka. Gado ne kenan, kamar gida. Duk da haka yana da kyau ka yi mata rajista a Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, NCC, don ka sami shaida a hannu.

Ka san cewa dukiya biyu ce a kowace waƙa: ita waƙar da ka tsara, da kuma ɗaukar da aka yi a situdiyo. Takarda shafi ɗaya ta isa ta fayyace wa ya rubuta, wa ya yi kiɗa, an sallami mai kiɗa da 'yan amshi gaba ɗaya ne ko suna da kaso, nawa ne kason. Kowa ya sa hannu, da shaidu biyu. Sayar da haƙƙi ba ya inganta a doka sai a rubuce, saboda haka duk takardar da wani kamfani ko mai ɗaukar nauyi ya miƙo maka, kai wa lauya kafin biro ya taɓa ta. Ka yi rajista da ƙungiyar da ke karɓar wa mawaƙa kuɗin amfani da waƙoƙinsu, MCSN a Najeriya, BNDA a Nijar. Mai aiki a Kano kuma ya leƙa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jihar ya ji ƙa'idojinta na rajistar mawaƙa da duba waƙa kafin ya saki komai.

Withers ya fita daga harkar faifai bayan 1985, ya rayu har 2020, kuma kuɗin waƙoƙin da ya rubuta da hannunsa bai daina shigo masa ba, domin wasu mawaƙa sun yi ta sake rera su, ana kuma sa su a finafinai da tallace-tallace.

Mataki na bakwai: saki

Waƙa ɗaya za ka saki, ba kundi ba. Buɗe shafi a YouTube da Audiomack, duka kyauta ne. Don ta hau Spotify, Apple Music da Boomplay, sai ka bi ta kamfanin rarrabawa: DistroKid da TuneCore kuɗin shekara suke karɓa, CD Baby kuwa sau ɗaya ake biya kan kowane aiki. Za su nemi WAV ɗin nan, da hoton bango mai kusurwa huɗu daidai, fiksel 3000 a 3000. Miƙa musu mako uku ko huɗu kafin ranar da ka sa. Zaɓi suna guda da za a san ka da shi a waƙa, ka rubuta shi iri ɗaya a ko'ina. Asusun kuma da imel ɗinka da lambar wayarka za a buɗe, ko da yaro ne zai danna maka. Kada kalmar sirri ta zauna a hannun wani.

Bidiyo ba sai an yi hayar mota da otal ba. A ɗauke ka a shagonka, a gonarka, a ƙofar ajinku bayan an tashi, da waya mai kyau da hasken safe. Yanki daƙiƙa talatin na amshi ka sa a WhatsApp, Facebook da TikTok. Kai waƙar gidajen rediyon garinku da kanka, ka nemi mai gabatar da shirin da sa'o'inka ke saurare. Masu tura waƙa a memori a kasuwa za su yaɗa ta ba tare da sun ba ka ko sisi ba, ka ɗauke su a matsayin talla. Wanda ya ce ka biya shi ya kawo maka dubban masu saurare dare ɗaya, guje shi: na bogi ne, kuma manhajojin suna sauke waƙar da suka kama da haka.

Bayan wata biyu, saki ta biyu, ko ta farkon ta yi tashe ko ba ta yi ba.

Mataki na takwas: kuɗi

Kada ka sa rai da intanet da wuri. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla sai kana da mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu, ko kallo miliyan 10 na gajerun bidiyon Shorts cikin kwana 90. Spotify kuma tun 2024 ba ya biya kan waƙar da ba a saurara sau 1,000 a shekara ba, kuma abin da aka samu yakan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ya iso. Kuɗin farko a ƙasa yake: biki, suna, taron ƙungiyoyi, waƙar talla ga 'yan kasuwa, waƙar wayar da kai kan lafiya ko noma, da rubuta wa wasu mawaƙa ko masu fim. Wannan na ƙarshe ya dace da wanda alƙalaminsa ya fi muryarsa, ko macen da ba ta son fitowa a bainar jama'a. Duk inda aka gayyace ka, a yi ciniki a ba da kafin alƙalami, kada ka dogara da liƙi.

Waƙar siyasa za ta zo maka, kuma ita ta fi saurin kawo kuɗi. Ni dai shawarata, ka yi tunani sau biyu. Zaɓe yana wucewa, waƙar tana nan a wayoyin mutane da muryarka a ciki, kuma kai mutum ne da aka riga aka sani a unguwa da masallaci, kana da surukai.

Ka sayi littafin lissafi na waƙa shi kaɗai, shafin hagu abin da ya fita, na dama abin da ya shigo, har kuɗin mota da katin waya. Maganar ajiye aiki ba ta taso ba sai littafin nan ya nuna cewa wata goma sha biyu a jere, har da watan azumi da bukukuwa ke tsayawa, ribar waƙa ta kai albashinka, kuma kana da ajiyar cefanen wata shida a gefe.